Waƙa a Hankali Cikin Hunturu: Jagora ga Malamin Waƙa Mai Shirya Daren Kirsimeti

Duk wanda ya taɓa fitowa tsakar gida da asubahin Disamba a Jos ko Zariya ya san irin shirun da nake nufi. Hazo ya lulluɓe gari, kaji sun ƙi saukowa, mai shayi ne kaɗai ya hura wuta a bakin titi, kowa ya dunƙule cikin bargo. Akwai wasu waƙoƙin Kirsimeti da suka dace da irin wannan yanayi, waɗanda ake rerawa da murya huɗu, ƙasa-ƙasa, wani lokaci ma babu kiɗa. Mawaƙanmu na coci sun iya ɗaga murya har kwanon rufi ya amsa, kuma ina alfahari da wannan baiwa. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne mutum talatin su sassauta murya tare, kalmomin ba su ɓace ba, sautin bai zame ƙasa ba, kuma tsohuwar da ke bencin baya ta ji komai. Wannan jagora taka ce, ɗan'uwa malamin waƙa, ko ke 'yar'uwa da aka ɗora wa nauyin mawaƙa, idan kuna so ku shirya daren waƙoƙi mai natsuwa a bana.

Fara da kunne, ka san inda waƙoƙin suka fito

A arewacin Turai, ƙarshen Disamba ne yini ya fi gajarta. A Kambirij ta Ingila rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, hasken yini duka bai cika awa takwas ba. Itatuwa sun kakkaɓe ganye, gona ta daskare, idan dusar ƙanƙara ta sauka kuma sai ta shanye ƙarar gari. A cikin wannan duhu da sanyi aka haifi waƙoƙin, shi ya sa suke tafiya kamar mai tsoron tayar da jariri daga barci.

Uku daga cikinsu sun isa ka fara da su. Ta farko ita ce Stille Nacht, wadda masu Turanci ke kira Silent Night. Wani matashin limamin Katolika, Joseph Mohr, ya rubuta kalmominta a 1816, malamin makaranta Franz Gruber ya yi mata karin murya, aka fara rera ta a daren 24 ga Disamba 1818 a ƙauyen Oberndorf kusa da Salzbag ta ƙasar Ostiriya. Da jita aka raka ta a wannan dare. Ka riƙe wannan, domin zai yi maka amfani ranar da mai kibod zai so ya cika ta da ganguna. Ta biyu tsohuwar waƙar Jamus ce, Es ist ein Ros entsprungen, wadda Michael Praetorius ya tsara wa murya huɗu a 1609. Tana ɗauko hoton tohon da zai fito daga kututturen Yesse a Ishaya sura 11. Ta uku ita ce In the Bleak Midwinter. Christina Rossetti ta rubuta ta a matsayin rubutacciyar waƙa, aka buga a 1872, Gustav Holst ya yi mata kari mai sauƙi a 1906, daga baya Harold Darke ya yi wani wanda ya fi buƙatar ƙwararru.

Tsarin daren da coci-coci da yawa ke bi, wato karatu tara daga Littafi Mai Tsarki da waƙoƙi a tsakani, Bishop Edward Benson ne ya fara shi a garin Truro a jajibirin Kirsimetin 1880, a cikin wani ginin katako na wucin gadi. Ya shahara ne bayan Eric Milner-White ya kai shi ɗakin sujadar Kwalejin King's ta Kambirij a 1918. Mutumin limamin sojoji ne a Yaƙin Duniya na Farko, kuma makonni shida kacal da tsayar da yaƙin aka yi sujadar, a gaban iyayen da 'ya'yansu ba su dawo ba. Idan ka san haka za ka gane dalilin da ya sa aka bar wa shiru wuri mai faɗi a ciki. BBC ta fara watsa ta a 1928. Ana farawa da ƙarfe uku na yammacin 24 ga Disamba agogon Ingila, wato ƙarfe huɗu a Najeriya da Nijar, kuma na shekarun baya suna nan a YouTube.

Ka zauna da abin sawa a kunne ka saurari ɗaya daga farko har ƙarshe, da biro a hannu. Kada daɗin muryar ya ɗauke maka hankali. Ka rubuta inda suke shan numfashi, da yadda suke furta ƙarshen kalma tare, da tsawon lokacin da suke bari tsakanin ƙarshen waƙa da fara karatu. Sai dai ka tuna ɗakinsu dogon ginin dutse ne mai riƙe sauti na daƙiƙoƙi bayan an rufe baki. Naka mai yiwuwa bulo ne da kwano, don haka ba duk abin da suka yi zai yi maka ba.

Zaɓen waƙoƙi

Dare guda na awa ɗaya da rabi ba ya ɗaukar fiye da waƙa goma zuwa goma sha biyu. Kada ka ce duka za su zama masu sanyi; kunne yana gajiya da sanyi kamar yadda yake gajiya da hayaniya. Ni nakan ware huɗu masu natsuwa ga mawaƙa kaɗai, uku ko huɗu waɗanda dukan jama'a suka sani daga littafin waƙoƙi su tashi su rera da ƙarfi, ɗaya ko biyu ga zumuntar mata da tulunsu da cakinsu, ɗaya ga yaran Makarantar Lahadi. Sababbin waƙoƙi kada su wuce biyu a shekara.

Za a samu matashi a cikin mawaƙa da zai kawo maka O Magnum Mysterium ta Morten Lauridsen, wadda aka fara rerawa a Amurka a 1994, ya ce a gwada. Waƙa ce mai ratsa zuciya, amma muryoyinta suna rarrabuwa fiye da huɗu, kuma tana neman dogon numfashi da kunnen da ya saba da sautuka masu gogar juna. Ka gode masa, ka ajiye ta zuwa shekara ta uku. Akwai kuma batun haƙƙin mallaka: dokar Najeriya tana kare aikin mawaƙi har shekara 70 bayan rasuwarsa. Na Gruber da Praetorius da Holst sun zama na kowa, kana iya kwafa. Darke ya rasu a 1976, Lauridsen kuwa na zamaninmu ne, don haka nasu saye ake yi.

Kalmomin Hausa a kan karin Turai

A nan nake so ka daɗe, domin a nan ne yawancinmu muke faɗuwa ba tare da mun sani ba. Hausa tana bambanta gajeren wasali da dogo, kuma ma'ana tana rataye a kan wannan bambanci. Mawallafan rubutattun waƙoƙinmu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Karin Turai kuwa an ɗinka shi ne a jikin wani harshe. Idan ka ɗora kalmar gari a inda sautin farko yake da tsawo, mawaƙa za su ja "ga" ɗin, sai garin Dauda ya koma garin tuwo a kunnen mai sauraro. Idan ka gutsure "fa" na ɗan fari a kan gajeren sauti, ɗan farin Maryamu ya koma maganar launin fata. Baƙi masu zuwa daga gabas ma haka: in ba a ja "ba" ba, an koma launi. A waƙa mai ƙarfi da ganga mutane sukan wuce irin wannan, amma a waƙa mai sanyi kowace gaɓa a fili take.

Ga yadda za ka yi. Ka rubuta karin da sol-fa, wato do-re-mi, a layi ɗaya, ka ja layi a ƙarƙashin kowane dogon sauti. Ka rubuta kalmomin a ƙasa, gaɓa-gaɓa. Sa'an nan ka karanta su da baki kamar magana, kana tafa hannu a kan dogayen sautukan. Duk inda tafin ya faɗi a kan gajeriyar gaɓa, ka yi alama. Wani lokaci sauya wurin kalma biyu ya isa, wani lokaci sai an nemi wata kalmar. Kalmomi irin su sarki, haske, Yesu, murna, suna farawa da gaɓa mai nauyi, suna son dogon sauti a farko. Dare da gari da sama suna so a taɓa gaɓar farko a wuce.

Ka lura da ƙarshen layi kuma. Bahaushe idan ya ƙare magana da gajeren wasali yakan datse shi a maƙogwaro, mawaƙa ma haka za su yi, sai waƙar ta tsaya kamar an rufe ƙofa. Ka nemi kalma mai dogon wasali ko mai ƙarewa da "n" ko "m" ta zauna a sautin ƙarshe, domin a iya jan ta har ta narke.

Idan littafin waƙoƙin cocinku yana da fassarar da jama'a suka haddace tun suna yara, kada ka taɓa ta a waƙar da kowa zai rera. A bar kaza cikin gashinta. Gyaran ya tsaya a kan waɗanda mawaƙa kaɗai za su yi.

Sai batun dusar ƙanƙara. Baitin farko na waƙar Rossetti yana zana ƙasa ta yi tauri kamar ƙarfe, ruwa ya zama dutse, ƙanƙara a kan ƙanƙara. Ita ta ɗauko haihuwar Baitalami ta dasa a cikin sanyin ƙasarsu domin mutanenta su ji abin a jikinsu. Idan za ku rera da Turanci, ku bar ta yadda take, mai gabatarwa ya yi bayani a jimla biyu. Idan kuwa za ka mayar da ita Hausa, ra'ayina shi ne ka yi abin da ta yi: ka kawo jaura da hazo, da faso a diddige, da makiyayi yana jin ɗumi a bakin garke. Baitinta na ƙarshe, inda matalauci yake tambayar abin da zai kawo wa jaririn, ba ya buƙatar wani ado. Manomin da ya gama godiyar kaka ya san tambayar. Ka sani kuma yawan gaɓoɓin baitocinta ba ɗaya ba ne, don haka kowane baiti sai an zauna an raba masa kalmomi dabam.

Rarraba muryoyi

Ka saurari kowa shi kaɗai, ko na minti biyu ne, ko da ya shekara ashirin a cikin mawaƙa. Muryar mutum tana canzawa da shekaru, kuma mata da yawa da ke fama a sofirano asalinsu alto ne masu kyau. A mawaƙa talatin, sofirano tara, alto takwas, tena shida, bes bakwai sun yi daidai. Waƙa mai sanyi a kan bes take zaune. Idan ƙasan ya yi laushi ya cika, sama ba ta buƙatar ƙoƙari. Masu kaifin murya ka sa su a tsakiyar layi, kada a gefe, kuma ka tsayar da mawaƙa kamar jinjirin wata domin bes su riƙa jin sofirano.

Lokaci

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara a tsakiyar Oktoba, mako goma, koyon waƙa sau biyu a mako. Makonni uku na farko sol-fa zalla, kowace murya a kusurwarta da wanda ya fi kunne a cikinsu. Ka ɗauki kowace murya a waya ka tura musu ta WhatsApp, su ji a hanya da wurin aiki. Mako na huɗu da na biyar a haɗa muryoyi a sa kalmomi. Daga na shida zuwa na takwas aikin sassauta murya ne, wanda zan yi bayani yanzu. Biyun ƙarshe a ajiye takarda, a yi bita a cikin ɗakin sujadar da kansa, a daidai lokacin da za a yi taron. Ka yi lissafin cewa Disamba watan bukukuwan aure ne da tafiye-tafiye. Ka tambayi kowa tun Oktoba ko zai kasance a gari.

Koyar da waƙa ƙasa-ƙasa

Shekarar farko da na gwada wannan, bayan an tashi wata tsohuwa ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, na ga bakinku yana motsi, amma ban ji abin da kuka faɗa wa Ubangiji ba." Maganar ta zauna mini. Na ce wa mawaƙa su rage murya, su kuwa suka rage numfashi da furuci da himma gaba ɗaya. Tun daga nan na daina cewa "ku rage". Ina cewa "ku rera wa jaririn da ke barci a bayanku, amma kakarsa da ke ƙofa ta ji."

Fara da numfashi. Kowa ya ɗora hannu a kan haƙarƙarinsa na ƙasa, ya shaƙa ta hanci har hannun ya buɗe, kafaɗa ba ta ɗaga ba. Ya saki iskar da "sss" kana ƙirga takwas, sai goma sha biyu, sai goma sha shida. Abin da kake nema shi ne ƙarar ta zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Ka kawo kyandir ɗaya ka kunna, ka sa mutum ya hura harshen wutar ya kwanta ba tare da ta mutu ba, ya riƙe ta a kwance. Wanda ya ga wannan da idonsa ya gane abin da ake nufi da iska kaɗan mai ɗorewa.

Sai rerawa da baki rufe. A riƙe "mmm" a kan sautin so na sol-fa, haƙora a ware, har leɓe ya yi ƙaiƙayi. Daga nan a buɗe zuwa "nuu", sa'an nan "noo", sa'an nan "naa", ba tare da ƙarfin ya ƙaru ba. "Naa" ce za ta tona asiri, domin da baki ya buɗe sai murya ta yi tsalle. A maimaita har ta daina.

Bayan haka ka ba ƙarfin murya lamba, daga ɗaya zuwa biyar. Biyar ita ce ta ranar Ista, uku ita ce ta hira a zaure, ɗaya ita ce mafi ƙanƙanta da har yanzu murya ce, ba raɗa ba. A riƙe sauti ɗaya kana ɗaga yatsu: ɗaya, biyu, har biyar, a komo. Komowar ta fi wuya. Raɗa kuwa ka hana ta sam. Tana gajiyar da maƙogwaro kuma ba ta kai bencin uku.

Yanzu ka ɗauki waƙar. A rera ta a lamba huɗu tukuna, da cikakkiyar murya, har jiki ya san inda kowane sauti yake. Sai a sauko uku, sai biyu, kana gaya musu cewa wasula ne kaɗai ke sauka, baƙaƙe suna nan a huɗu. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ts su ne ke kai kalma baya, kada a tausasa su. Ka tura mutum ɗaya wanda bai san waƙar ba ya zauna a bencin ƙarshe da takarda ya rubuta abin da ya ji. Abin da bai iya rubutawa ba, shi ne aikin mako mai zuwa.

Akwai tarko guda: da murya ta sauka sai tafiya ta yi nauyi, waƙar ta fara jan ƙafa. Stille Nacht tana da bugu shida a kowane gida, amma ka kaɗa ta biyu-biyu, kamar uwa tana jijjiga goyo, dama da hagu. Idan ka ƙirga shidan ɗaya-ɗaya za ta koma waƙar makoki, numfashi kuma ba zai kai ƙarshen layi ba. Kusa da ƙarshe tana hawa har fa na sama; a ki na C wannan yana matse sofirano su yi ihu. Ka sauke ta zuwa B-filat, ka ji yadda wurin zai yi laushi.

Dogayen layuka kuma a koya musu satar numfashi. Kowa ya sha iska a tsakiyar wasali, a lokacin da na kusa da shi bai sha ba, ya fita a hankali ya dawo a hankali, baki a buɗe kamar yana ci gaba. Ka raba su tun a wurin koyo: rukunin farko su sha a nan, rukuni na biyu a can.

Idan sauti yana zamewa ƙasa

Ka ba da sautin farko a kibod, a rera babu kiɗa, ka buga sautin ƙarshe. Idan sun faɗi ƙasa da shi, kada ka tsawata, ka nemi ramin. Kusan kullum a wuri uku yake: saukowa daga do zuwa ti ko daga fa zuwa mi, inda ake yin taki mai faɗi fiye da kima, sautin da ake maimaitawa sau uku ko huɗu, kowane yana ɗan kasa na baya, da ƙarshen layi inda iska ta ƙare. Ka ce musu hawa da dogon taki, sauka da gajere. Mi da ti a ɗan ɗaga su. Idan duk da haka abin ya ƙi, ka ɗaga waƙar gaba ɗaya da rabin taki. Sau da yawa sabon wurin yana farkar da kunne. Gajiya ma tana jawo shi, don haka waƙa mai wuya a yi ta a rabin awa na farko.

Maƙogwaro a hunturu

Iskar Disamba busasshiya ce, ga ƙura, kuma tantanin murya sai da laima yake aiki. Ruwan da aka sha minti biyar kafin waƙa bai kai can ba tukuna. Shan ruwa tun safe ake fara shi, kaɗan-kaɗan har yamma. Mai hawa babur ko Keke ya rufe hanci da baki da ƙyalle. Da dare a zuba ruwan zafi a kwano, a lulluɓa da tawul a shaƙi tururin na minti biyar zuwa goma, a kula kada ya ƙona fuska. Ruwan ɗumi da zuma da 'yar citta yana sanyaya wuya. Alewar nan mai sa maƙogwaro ya yi sanyi tana ɓoye ciwo ne kawai, mutum ya ci gaba da matsa wa muryar da ke neman hutu. Gyaran murya da ƙarfi a daina, a haɗiyi miyau ko a kurɓi ruwa. Man kaɗanya a leɓe, domin leɓen da ya tsage ba ya rufe "m" da "b". Wanda muryarsa ta dishe ya zo ya zauna ya saurara, kada ya rera. Idan dishewar ta wuce mako biyu ya je asibiti.

Ɗakin da lokacin

Ka shiga ɗakin sujada kai kaɗai da yamma ka tsaya shiru minti biyu. Duk abin da ka ji, shi zai yi gasa da mawaƙanka: fanka, ƙugin lasifika, janareta, ƙofa mai ƙara. Fanka a kashe, ai sanyi ake yi. Janareta a kai shi bayan gini da doguwar waya, ko a nemi batir na awa biyu. Ƙofa a ɗiga mata mai. Idan ɗakin bai fi mutum ɗari biyu ba, ku gwada babu makirufo. Idan dole ne, guda biyu a kan sanda, taku uku daga layin gaba, sama da kai. Kada a ba kowa a hannu, domin murya ɗaya za ta haɗiye sauran. Mai kula da na'ura ya saita ya cire hannunsa, kada ya ƙara ƙarfi idan ya ji mawaƙa sun sauka.

A garuruwanmu coci da masallaci sukan yi maƙwabtaka. Ka san lokacin kiran sallar magariba da na isha'i a unguwarku, ka tsara yadda waƙa mafi sanyi ba za ta faɗo a kansu ba. Wannan girmamawa ce ga maƙwabta kuma kariya ce ga aikinka. Farawa da ƙarfe huɗu da rabi a tashi kafin duhu ya yi yawa ya fi sauƙi ga tsofaffi da masu zuwa daga nesa. Ka yi magana da dattawa a kan tsaro tun da wuri, a kuma roƙi iyaye su hana yara wasan abin fashewa a harabar coci a wannan yamma.

Kyandir yana da kyau, amma hunturu lokacin gobara ne, ga gyale da rigunan mawaƙa masu saurin kamawa. Idan za a riƙe, manya kaɗai, da kwali a ƙasa mai tare narkakken kitse, da bokitin yashi a kowace kusurwa. Yara a ba su ƙananan fitilu masu caji.

Jeren daren

Karatun tara su ne: Farawa 3, Farawa 22, Ishaya 9, Ishaya 11, Luka 1 inda mala'ika ya zo wa Maryamu, Luka 2 haihuwar, Luka 2 makiyaya, Matiyu 2 masana daga gabas, sai Yahaya 1, wanda tsohuwar fassara ke kira Yohanna. Al'adar ita ce masu karatu su tashi daga ƙarami zuwa babba. A Kambirij yaro ɗan mawaƙa ne ke fara karatu, shugaban kwaleji ya rufe. Kai ma ka fara da yaron Makarantar Lahadi, ka bi ta matasa, da uwar zumunta, da dattijo, ka ƙare da fasto. Ka yi bita da su kamar yadda ka yi da mawaƙa, domin mai karatu da ya ruga da gudu yana rusa abin da waƙa ta gina.

Tun 1919 mutanen Kambirij suke buɗe sujadarsu da muryar yaro ɗaya tilo babu kiɗa, kuma sai dab da farawa ake nuna wanda zai yi, don kada fargaba ta cinye shi. Ka shirya yara uku, ka zaɓi ɗaya a ranar. Ya fara daga ƙofar baya, mawaƙa su shigo a baiti na biyu, jama'a su tashi a na uku. Waƙar Praetorius ta bi Ishaya 11. Ta Rossetti ta bi labarin haihuwa. Bayan makiyaya ka saki zumuntar mata da duk abin da suke da shi, a yi guɗa, a tashi a taka; mala'iku ma ba raɗa suka yi ba a wannan dare. Sanarwa da baiko da gaisuwar baƙi a gama su tun kafin yaron ya buɗe baki, kada a tsinka daren da su.

Kafin farawa, mai gabatarwa ya roƙi jama'a su kashe waya su ajiye tafi sai ƙarshe. Iyaye masu goyo a ba su benci kusa da ƙofa, amma kada mai tsaron ƙofa ya harari kowa idan jariri ya yi kuka. Saboda jariri aka taru.

Mawaƙa su iso awa ɗaya kafin lokaci, sun ci abinci marar nauyi, da rigar sanyi a ƙarƙashin yunifom. Minti goma sha biyar na numfashi da "mmm", a taɓa farkon kowace waƙa kawai, a yi addu'a, a yi shiru. Kai kuma ka rage hannunka. Babban motsi yana kiran babbar murya. A waƙa mai sanyi hannunka kada ya wuce faɗin ƙirjinka, sauran aikin ido da gira ne.

Bayan karatun Yahaya, a rage fitilu domin Stille Nacht. Mai jita ya ba da sauti sau ɗaya. Baitin farko mata kaɗai a lamba biyu, na biyu muryoyi huɗu, na uku ka juya ka gayyaci jama'a da tafin hannu a buɗe, za su shigo a hankali domin abin da suka ji ke nan. Sai mawaƙa su sake bin karin da baki rufe. Idan sautin ƙarshe ya narke, kada ka sauke hannu. Ka bar shi a sama, ka ƙirga biyar a zuciyarka, mawaƙa ba su motsa ba, ba a rufe littafi ba. Sa'an nan ka sauke, ka ɗaga wa fasto kai ya sa albarka.